Shekarar da Aka Yi Mini Ƙarfen Ƙafa

Ina da shekara uku ciwon ya kama ni. Ni ban tuna komai ba, abin da aka faɗa mini ne. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, lokacin girbin gero, da ya sauka aka tsayar da ni sai na zube. Aka sake tsayarwa na sake zubewa. Mutanen unguwarmu a Badaguishiri suka ce Inna ta sha ni.

To mu a gidanmu Inna muke ce wa mahaifiyarmu. Har na kai shekara bakwai ina ɗauka ita ce ta shanye mini ƙafafu. Ban ji haushinta ba, mamaki kawai nake. In tana shan fura sai in zuba wa bakinta ido, ina tunanin ta yaya ƙafar mutum take bi ta wannan ɗan wuri. Wata rana na tambaye ta ko da daɗi. Ta ajiye ludayin ta ce, "Wata Inna ce, ɗiyata, ba ni ba." Sai da na shiga lakwal, wato makarantar boko, na ji cewa ƙwayar cuta ce ke kawo shan inna.

Da rarrafe na girma. Ina zura hannuwana cikin tsofaffin silifa, gwiwoyina suka yi kanta har ƙaya ba ta cika shigarsu ba. Yayana ne yake goya ni zuwa lakwal, har na gama aji shida. Daga baya na samu keken guragu, na koyi saƙar faifai da tabarma, ina kaiwa kasuwa. Mutane kuwa ta ƙafafunsu na san su. Kafin in ɗaga kai na san mai zuwa, daga fason dunduniyarsa ko yadda gefen takalminsa ya cinye. Ba zan ce ina cikin baƙin ciki ba. Ina ci, ina sana'ata, ina zuwa biki. Tsayuwa wata aba ce ta wasu mutane, kamar tuƙin mota.

Ina da shekara ashirin da shida yayana, wanda a lokacin yake jan babbar motar siminti daga Malbaza, ya zo gida ranar hutunsa. Ko ruwa bai sha ba ya tsuguna gabana.

"Ƙanwata, na ga wani abu a tashar Konni," ya ce. "Wata mata ce mai sayar da goro, a tsaye, da sanda biyu. Iska ta ɗaga gefen zanenta sai na ga ƙarfe tun daga takalmi har sama. Na bar motata na je na tambaye ta. Ta ce ita ma da rarrafe ta tashi."

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Shekara ashirin da 'yan kai tana zaune lahiya," ta ce. "Yanzu kuma a je a yayyanka mini ita?"

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ban sa rai da tafiya ba. So nake in san tsayina. Duk wanda na sani ya san inda kansa yake kaiwa a jikin bango, ban da ni. Na faɗa wa Inna haka. Ta ce ba ta taɓa jin dalilin wauta irin wannan ba, amma da ranar tafiya ta zo ita ta fara ɗaure kayanta.

Asibitin da matar ta kwatanta wa yayana yana da wani likitan ƙashi da yake zuwa lokaci-lokaci. Ya kwantar da ni a tebur, ya ɗora tafinsa a ƙafata ya ce in tura. Ta hagu ko motsi ba ta yi ba. Ta dama ta ɗan yi. Ya gwada miƙe gwiwoyin suka ƙi, sun lanƙwashe kamar lauje saboda daɗewa a naɗe. Ya matsa damatsena, ya duba bayana, ya ce hannuwana da bayana su ne arzikina. Sannan ya zauna ya yi mini bayani ta bakin wata ma'aikaciya. Za a yi aiki a sassauta jijiyoyin da suka ɗaure, a sa filasta mai sandarewa kamar siminti, a riƙa canzawa ana ƙara miƙewa kaɗan-kaɗan, wata da watanni. Daga nan sai ƙarfe.

"Ya ce in gaya miki gaskiya," in ji ma'aikaciyar. "Ba za ki yi tahiya kamar kowa ba. Wataƙila ma rarrafenki ya fi ki sauri har abada. Kin yarda a haka?"

Wannan maganar ce ta sa na amince da shi. Na ce na yarda.

Watannin filasta ba ni da abin faɗa da yawa a kansu, sai ciwo da ƙaiƙayi. An hana ni zura tsinken tsintsiya ciki, ni kuwa ina zurawa in babu mai gani. Yayana in ya biyo da motarsa yakan ƙwanƙwasa filastar da ɗan yatsa ya ce, "Mu muna kai siminti a yi gidaje, ke ga shi an gina ki da kanki." Ranar da aka cire ta ƙarshe na ga ƙafafuna a miƙe, sirara, fatar tana saɓa. Na yi ta kallonsu kamar na wani ne aka ajiye mini.

A bayan ɗakunan majinyata akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano, nan ake haɗa ƙarafan. Su ma'aikata aparai suke cewa, mu kuwa ƙarfe kawai muke cewa. Mai aikin dattijo ne, kowa Malam yake kiransa, gilashinsa ɗaure da zare ta bayan kai. Ɗakin warin fata da gam yake yi. A jikin bango an rataye tsofaffin ƙarafa, wasu ƙanana ƙwarai, na yaran da suka girma suka bar su. Akwai uwar maƙera a gefe, da keken ɗinkin fata, da takalma jere a kan katako, kowanne da ɗan'uwansa amma tsayin dunduniya ba ɗaya ba.

Ya shimfiɗa wata babbar takarda mai ruwan ƙasa a kan tebur, aka kwantar da ni a kai. Ya ɗauki fensir ya bi gefen ƙafata ta hagu tun daga kwankwaso har dunduniya, ya zagayo ta ciki. Ya yi alama a gwiwa, ya yi a idon sawu. Ya ɗauki awo da igiyar tela a wuri biyar ko shida yana rubutawa a jikin zanen. Da aka ɗaga ni na ce a nuna mini takardar.

"Malam, wannan duka tawa ce?"

"Duka taki ce. Mi kinka gani?"

"Na ga ta yi tsawo."

"Doguwa ce ke. Ba a gaya miki ba?"

Babu wanda ya gaya mini, don babu wanda ya sani.

Na roƙe shi ya bar ni in riƙa zuwa kallo. Ya ce masu zuwa nan yawanci ba sa son ganin ƙarfen sai dole, amma ga benci. Kwana biyar ina zaune a bencin nan. Ya yanko sandunan ƙarfe biyu masu faɗin yatsa biyu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki. Ya riƙa lanƙwasa su da wasu ƙugiyoyi biyu, ya ɗora a kan zanen, ya duba, ya ɗauke ya ƙara lanƙwasawa, har suka bi layin fensir ɗin kamar a nan aka haife su. A gwiwa ya sa mahaɗa mai naɗewa, sama da ita kuma zobe mai kusurwa huɗu, ɗaya kowane gefe. In ƙafa ta miƙe sai zoben ya zame ƙasa ya rufe mahaɗar, gwiwa ta kafe. In za a zauna sai a ja zoben sama da hannu.

Na tambaye shi yadda waɗannan 'yan siraran ƙarafa za su ɗauki nauyina.

"Ba su za su ɗauke ki ba," ya ce. "Ƙashinki shina nan, shi zai ɗauke ki. Abin da kinka rasa nama ne mai riƙe gwiwa." Ya ɗauko wani ɗanyen kara da ya karye a tsakiya bai rabu ba, ya tsayar da shi ya danna, karan ya naɗe. Ya sake tsayarwa, ya tokare shi da yatsa ɗaya a gaba daidai karayar, biyu a baya, sama da ƙasa. Ya ce in danna. Na danna da ƙarfi, bai naɗe ba. "To kin ga aikin duka. Fata ɗaya bisa gwiwa, maɗauri a cinya, maɗauri a ƙwauri. Sauran ado ne."

Na tambaye shi ko ƙarfen yana tsatsa. Ya ce yana yi. Na ce ko tsawa tana bin mai ƙarfe. Ya ce shekarunsa a wannan aiki bai taɓa ji ba. Na ce in na yi ƙiba fa? Ya ce sai in dawo. A rana ta uku ya ce mini shi bai taɓa ganin majinyaciya mai tambaya kamar jandarma ba sai ni. Duk da haka yana amsawa, wani lokaci da ƙusa a bakinsa. Da ya zo ɗinkin fatar na ga yadda yake jan zare, na ce a wurin saƙar faifai mukan koma baya sau ɗaya a bakin gefe don kada ya warware. Ya miƙo mini ya ce in nuna. Maɗaurin cinyata na farko ni na ƙarasa ɗinkinsa.

Ƙafar hagu ta gaza ta dama da yatsa uku, sai ya ƙara wa takalminta tudu da wani katako marar nauyi, ya manna taya a ƙasa. Ta dama gajeren ƙarfe aka yi mata, iyakarsa ƙasan gwiwa, don kawai ya riƙe tafin kada ya karkace.

Ranar gwaji da hantsi aka kai ni wani ɗaki mai dogayen ƙarafa biyu a jere, irin na riƙewa. Malam ya ɗaura mini komai da kansa, ya miƙe ƙafar, zobban suka faɗa da wata 'yar ƙara. Shi da ma'aikaciyar suka kama ni ta hamata. "Bismillahi," ya ce, suka ɗaga.

Abin da na fara ji jiri ne. Ƙasa ta yi nisa, nisa mai ban tsoro, kamar an ɗora ni a kan katanga. Na damƙe ƙarafan riƙon har yatsuna suka yi zafi. Na ce a sauke ni. Malam ya ce in daina kallon ƙasa, in nemi wani abu a gabana. Na ɗaga ido, sai ga Inna tsaye a ƙarshen ƙarafan, hannunta a baki.

Ta matso. Ta ƙara matsowa har ta zo dab da ni. A nan na ga ita ce take ɗaga kai tana kallona. Kanta iyakar haɓata ya tsaya. Kallabinta ya zame baya ba ta sani ba, na ga tsakiyar kanta, wani fili zagayayye babu gashi ko ɗaya, inda gammo ya yi shekaru yana zama. Ni da na san kowane faso na dunduniyarta, ban taɓa sanin da wannan ba.

"Inna, kin san kina da sanƙo?"

Ta kai hannu ta ja kallabin. "Ke wannan kinka tashi gani?" ta ce. Tana dariya hawaye na zuba. "Tsayin ubanki ne sak. Allah ya jiƙansa, haka nake ɗaga kai in zan yi mishi magana."

Koyon tafiya ya ɗauki makonni. Sanda, ƙafa, sanda, ƙafa. Ƙafar hagu ba ta takawa, jefa ta ake yi daga kwankwaso. Kafin a sallame ni sai da aka koya mini faɗuwa, a kan katifa: a watsar da sandunan gefe, a tari ƙasa da hannu. Wannan ne kawai darasin da na fi kowa iyawa. Akwai kuma lokacin da gefen ƙarfen ya riƙa gugar idon sawuna. Na yi shiru don kada a ce a cire, har wurin ya ƙuje. Da Malam ya gani ransa ya ɓaci. Ya ce ƙarfe ba ya jin kunya, don haka ni ma kada in ji kunyarsa. Ya ce kullum in na cire in duba fatar, duk inda ya yi ja bai washe ba bayan ɗan lokaci to akwai magana. Ya buɗe ƙarfen kaɗan da ƙugiyoyinsa, na yi kwana shida a kwance ina jiran wurin ya warke.

Da muka koma gida sai na tarar duk abin da na koya a kan daɓen siminti na koya shi. Tsakar gidanmu rairayi ce. Sandunan suna nutsewa, takalmin hagu yana jan ƙasa. Daga ƙofar ɗaki zuwa bakin randa, tafiyar da nake yi da rarrafe kafin a gama sallama, yanzu sai na huta sau biyu. Rana ta farko kuma na buga goshi a saman ƙofar ɗakina. Shekaru ina shiga ina fita ban san ƙofar gajera ba ce.

Amma kallo kam na sha shi. A saman bangon ɗakin Inna, inda azara ta zauna, akwai wani ɗan lungu. Na zura hannu na zaro gwangwanin sukari, da kwalbar turare, da allura a soke jikin tsumma. Tun ina yarinya nake mamakin inda sukari yake fitowa in an yi baƙi. Na ga saman akuyarmu, ashe tana da wani farin layi a gadon baya. Na ga cikin rumbu ta bakinsa. Na ga yadda tuwo yake a tukunya in an hango shi daga sama. Fuskokin mutane ma suka canza mini. Da can ƙasan haɓa da ramukan hanci nake gani. Yanzu ga goshi, ga idanu a daidai nawa, har na rasa inda zan sa nawa idon in ana yi mini magana.

Dangar da ta raba mu da maƙwabta iyakarta kafaɗata. Wata safiya na jingina da ita ina hutawa, sai na ga gidan maƙwabciyarmu gaba ɗaya a shimfiɗe: ga awakinta, ga shanyar kuka, ga ta can a tsugune tana wanke wa mijinta buta. Na sha shiga gidan, amma ban taɓa ganinsa a dunƙule haka ba. Na tsaya ina ta kallo hankalina kwance. Ta juyo ta gan ni, ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Ke ce? Na ɗauka wani ƙato ne!" Ta taso tana dariya. "To bari in gaya miki, tunda kin shigo cikin masu tsayi. Ba a leƙe. Kowa yana iya gani, amma sai ka yi kamar dangar ta kai sama."

Na ce ban sani ba. Ta ce ai da ma ba a haifi kowa da sani ba, su ma dukan tsiya suka sha suna yara kafin su iya. Daga ranar na lura da yadda manya suke wucewa ta gefen danga, kai a sunkuye ko a karkace, kamar masu neman wani abu da ya faɗi.

Sai maganar gaisuwa. Duk rayuwata a ƙasa nake, don haka ban taɓa tunanin durƙusawa ba. Babba ya zo ya same ni a durƙushe, ya tafi ya bar ni a durƙushe, har ana yabona da ladabi. Kwana kaɗan da dawowarmu Baffa, yayan mahaifina, wanda shi ne babban gidanmu, ya zo duba ni. Ya yi sallama ina tsaye a tsakar gida. Inna ta durƙusa. Ni kuma na tuna sai na ja zobba kafin gwiwa ta naɗe. Na saki sanda ɗaya, na laluba ta cikin zane, na ja na waje ya hau, na ciki ya ƙi, rairayi ya shige shi. Ina ja ina gumi, ga Baffa tsaye, ga ni a kansa kamar wadda ta zo karɓar haraji.

"Baffa, ka yi haƙuri, abin ya cije."

"Tsaya yadda kike," ya ce. Ya zagaya ni sau ɗaya yana dogara sandarsa. "Wane abu ya cije? Nuna mini."

Na ɗan ɗage zanen zuwa gwiwa. Baffa ya tattara rigarsa ya zauna dirshan a ƙasa, ya kawo fuskarsa kusa da mahaɗar. Ya hura rairayin, ya taɓa zoben da farce ya hau, ya sake shi ya faɗo. Ya sake ɗagawa ya sake saki. Ya yi haka ya fi sau biyar, ni kuma ina riƙe da kafaɗar Inna kada in kife.

"Kai, wanga mutum ya san aiki," ya ce. "Da za a yi wa ƙofar garkena irin wanga, da awaki sun bar ni na huta." Sai da zai tashi ya tuna ba mu gaisa ba. Muka gaisa a haka, shi a zaune ni a tsaye. Tun daga nan in na haɗu da manya nakan sunkuyar da kai in dafa ƙirji, ba wanda ya taɓa cewa komai.

Aikin gidanmu kusan duka a ƙasa ake yinsa. Murhu a ƙasa, wanke-wanke a ƙasa, saƙa a ƙasa. A nan ƙarfen ba ya taimakona da komai, sai ma tokarewa. Abu ɗaya ne ake yi a tsaye wanda na daɗe ina sha'awa, shi ne daka. Na ce wa Inna ina so in gwada. Muka gangara da turmi gindin dogon yaron da ke tsakar gida, na jingina bayana da kututturen, ta ɗaure ni da shi da tsohon zane ta ƙugu, na ajiye sanduna. Ta miƙo mini taɓarya. Hannuwan da suka yi shekara ashirin suna ɗaukar gangar jikina ba su san nauyin taɓarya ba. Bugun farko gero ya yi tsalle ya watse, kaji suka taso.

"A hankali!" in ji Inna. "Surfe anka ce, ba a ce ki fasa mini turmi ba."

Kafin wata ya ƙare ni ke yin dakan gidan. Inna takan zauna a inuwa tana bakacen tsaba, abin da ban taɓa ganin ta yi da hantsi ba.

Yau shekaru sun tafi, ƙarfen da nake sawa shi ne na uku. Likitan nan bai yi ƙarya ba, rarrafe ya fi sauri. In ina cikin gida ina girki ajiye shi nake a bayan ƙofa. Wasu in sun shigo suka same ni a ƙasa sai fuskarsu ta canza, su ce, "Ashe ƙarfen bai yi ba?" Nakan ce ya yi, hutawa yake. Da bazara in na bar shi a rana ba ya taɓuwa. Da damina sai na bi shi da man keken ɗinki. Zobban sun cinye mini gefen zannuwa ban san iyaka ba. Ranar kasuwa kuwa nakan ɗaura shi, in hau kekena, in na isa in kafa sanduna in tsaya a bayan kayana. Na lura mai saye ya fi daɗewa yana ciniki da wanda yake kallo ido da ido.

A kasuwar ce bara wata Bafulatana mai kawo nono ta ajiye ƙwaryarta kusa da ni, ta daɗe tana kallon takalmina. Da mutane suka ragu ta ce, da Hausarta mai karyewa, ko zan nuna mata abin da ke ƙafata. Na zauna a kan buhu na kwance shi gaba ɗaya na miƙa mata. Ta juya shi, ta auna nauyinsa a hannu, ta shinshina fatar. Ta ce sa ne ya tunkuyi maigidanta a bayan gwiwa, raunin ya warke amma tafin ƙafar ya saki, in yana tafiya yatsun suna jan ƙasa, yana yawan tuntuɓe. Yanzu ƙannensa ne suke fita da shanu, shi yana zaune a ruga ba ya magana da kowa.

"Da wannan ana bin shanu?" ta ce.

Na ce mata ni ban taɓa bin shanu ba, ko da ƙarfe ko babu, ba zan faɗi abin da ban sani ba. Amma na san wanda za a tambaya. Mako biyu bayan nan muka shiga mota mu uku, ni da ita da maigidan nata, wani dogon mutum mai rawani da bai ce uffan ba har muka isa.

Malam ya tsufa, yanzu a zaune yake yawancin aikinsa. Bayan likita ya duba mutumin, Malam ya sa shi ya yi tafiya daga bango zuwa bango sau uku yana kallon ƙafar. Ya ce wannan ba ya bukatar irin nawa. Ya ɗauko wata 'yar farar roba mai kauri, mai siffar bayan ƙwauri da tafin ƙafa, marar nauyi, ya ce irin wannan za a gasa a zuba daidai ƙafarsa, a sa cikin takalmi. A nan ne mutumin ya buɗe baki karo na farko. Ya tambaya ko tana jure raɓa, da ƙaya, da tsallaka fadama. Malam ya ce raɓa da ƙaya ba komai, laka ce bai sani ba, don bai taɓa yi wa makiyayi ba. Ya ce in ya gwada ya dawo ya gaya masa.

Bayan kaka matar ta zo kasuwa ita kaɗai, ta zuba mini nono a kwano ta ƙi karɓar komai. Na tambayi maigidan. Ta ce ya tafi da shanu arewa tun farkon damina, bai daɗe da dawowa ba. Laka ta cire masa takalmin sau biyu, sai ya ɗaure shi da igiyar fata ta zagaye ƙwauri, daga nan takalmin bai sake cirewa ba. Ta ce ya ce in na je wurin tsohon nan in faɗa masa haka, in kuma tambaye shi ko ana yin robar baƙa, don farar tana tsorata 'yan maruƙa.